Haƙƙin Kaza a Kan Mai Akurki

Da almuru, ana shirin kiran magariba, a Hayin Dogo ta Samaru ko Muchiya ta Sabon Gari, za ka ga kaza a gindin mangwaro ta karkata kai tana auna reshe da ido ɗaya. Kafin yaro ya iso da tsumagiya ta tashi fir, ta haye, ga akurki can a buɗe. Wannan ƙaramar rigima tana ɗauke da babbar tambaya: wa ya ba ɗan Adam ikon kulle halittar da ta zaɓi makwancinta? Matsayina shi ne yana da wannan iko, har ma nauyi ne a wuyansa, amma iko ne da ake biyan kuɗinsa da kyautatawa.

Masu ja za su ce ai ɗabi'arta ce, Allah ya yi ta haka, kuma suna da hujja. Asalin kazar gida kazar daji ce ta kudu maso gabashin Asiya, mai kwana a kan rassa, kuma idon kaza ba ya gani sosai da duhu, shi ya sa take neman sama tun da sauran haske. Sai dai kazar tsakar gidanmu ta daɗe da barin daji. Shekaru dubbai mutum yana zaɓen mai nauyi da mai yawan ƙwai, kuma aikin bai tsaya ba, domin nan kusa a Shika cibiyar NAPRI ta Jami'ar Ahmadu Bello ta samar da ShikaBrown, kazar ƙwai mai jure yanayinmu. Wanda ya rage wa tsuntsu ƙarfin fiffike don amfanin kansa ya ci bashin tsaronsa. Muzuru, ruwan Agusta, sanyin hunturu da ɓarawo duk dare suke jira. Kuma tun da aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gona a Jaji a Fabrairun 2006, cuɗanyar kaji da tsuntsayen daji ta daina zama abin wasa.

Wasu kuma su ce a bar wa Allah, abin da ya ƙaddara ba akurkin da zai hana. Amma Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya yi tawakkali. Muslim ya ruwaito hani ga sakin dabbobi da yara idan rana ta faɗi. A Muwaɗɗa ta Imam Malik kuwa, bayan taguwar Bara'u ɗan Azib ta yi ɓarna a wani lambu, hukuncin da aka yanke shi ne masu lambu su tsare kayansu da rana, ɓarnar dare kuma tana kan mai dabba. Dare, ke nan, lokacin mai dabba ne, kuma sakaci ba ya zama tawakkali don an ambaci sunan Allah a kansa.

To amma shari'ar da ta ba da makulli ita ta kafa masa sharaɗi. Buhari da Muslim sun kawo labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema ba. Don haka kazar da ta ƙi akurki shaida take bayarwa, kuma wanda ake tuhuma shi ne mai gida. A leƙa ciki da tocila: kaska a tsagar bango tana jiran dare ta sha jini, warin kashi mai sa hawaye, ba kafar iska, kaji goma a gurbin biyar. A irin wannan cunkoso cutar Niyukasil kan share garke da hunturu. Magani a share, a zuba toka, a buɗe wa iska hanya, a gitta sanda sama da ƙasa don ta sami reshenta a ciki. Sai a bar su kwanaki kaɗan a ciki da ruwa da dusa, daga nan a riƙa watsa tsaba a bakin ƙofa kullum kafin magariba. Wadda ta haye bishiya a sauko da ita a hankali bayan duhu ya shiga. Kora da jifa tsoro suke koya mata, sabo kuwa shi ke kai ta da ƙafarta.

Saura zargi mafi nauyi: ai sabo da kaza ba ya hana yanka ta, duk wannan hidima don tukunya ce. Haka ne, kuma addini bai ɓoye ba, sai ma ya ce a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. Halaccin cin namanta bai soke haƙƙin kwanakinta ba, ƙara masa nauyi ya yi, domin wanda zai amfana da ranta da ƙwanta shi ya fi cancanta a tambaye shi yadda ta kwana. Kazar da aka ɗaure wa ƙafa zuwa kasuwar Sabon Gari yini ɗaya ta yi a hannun mai saye, amma darare ɗaruruwa ta yi a hannun mai kiwo. A kan waɗannan dararen ne zai yi bayani.