Kwanon Kare da Kwanon Yaro

Ina rubuta manhaja ne ga wani ƙaramin kamfani na Turai, daga ɗakina a Kano, kuma kowace safiya mukan haɗu ta bidiyo kowa ya faɗi inda aikinsa ya kwana. Wata ranar Talata wani abokin aikinmu Bajamushe ya shigo taron idonsa jajur. Ya ce mu yi haƙuri da shi, a asibitin dabbobi ya kwana, an yi wa karensa tiyata a ƙugu. Wani ya tambaye shi nawa abin ya ci, ya faɗa. Na ɗauki waya a ƙarƙashin tebur na juya kuɗin zuwa naira. Abin da ya fito ya isa ya ciyar da gidan maƙwabcina mai 'ya'ya bakwai shekara guda, har a samu canji. Na yi masa sannu kamar yadda kowa ya yi, amma a zuci tsaki nake ja. A daidai wannan lokaci akwai almajirai biyu a ƙofar gidana suna jiran ɗumame.

Na yi kwanaki ina jin daɗin wannan fushi, domin irin fushin nan ne mai sa mutum ya ji shi na kirki ne ba tare da ya kashe ko sisi ba. Alƙaluma ma suna bayana. A shekarar 2023 Amurkawa sun kashe kimanin dala biliyan 147 a kan dabbobin da suke ajiyewa a gida don sha'awa. A wannan shekarar, hukumar samar da abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, WFP, dala biliyan 8.3 kacal ta samu daga masu ba da tallafi, har ta rage rabon abinci a ƙasashe da dama, alhali mutum kusan miliyan 733 ne ke fama da yunwa. Wannan kwatance ba sabo ba ne. Tun 1998 rahoton raya al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya ya jera su kusa da juna: dala biliyan 17 a shekara wajen abincin karnuka da maguna a Turai da Amurka, da kuma dala biliyan 13 da ake buƙata a ƙara don kowa ya samu abinci da kiwon lafiya na matakin farko.

Amma da na koma na duba wannan jadawali da kyau, sai na ga akwai sauran layuka. Taba sigari a Turai dala biliyan 50. Kuɗin soja a duniya biliyan 780. Turare biliyan 12. Me ya sa kare ne kullum muke tsamowa? Ina jin don shi ne abin da ba mu da hannu a ciki. Bahaushe ba ya kwana da kare a gado, saboda haka zagin mai kare bai taɓa aljihunsa ba. Laifi tudu ne. Wanda ya taɓa ganin abin da dokin hawan sallah yake ci a rana, dawa da dusa da harawa da kanwa, ga barga ga mai kula da shi, ya san mu ma muna da namu. Haka masu tattabarun da ake sayen guda ɗaya a kuɗin buhun masara. Ban ma zo kan akwatunan lefe ba, ko kuɗin datar da nake ƙonawa kowane wata ina kallon ƙwallo.

Wani masanin falsafa ɗan Ostireliya, Peter Singer, ya rubuta wata maƙala a 1972, lokacin da mutanen Gabashin Bengal ke mutuwa da yunwa da gudun hijira. Misalinsa mai sauƙi ne. Kana wucewa ka ga yaro yana nutsewa a kududdufi marar zurfi. Za ka shiga ka ciro shi ko da kayanka za su ɓaci. To, in ji shi, nisa ba ya canza hukuncin: yaron da ke mutuwa a wata ƙasa yana da wannan haƙƙin a kan duk kuɗin da ka kashe a abin da ba dole ba. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta san kare ba. Tiyatar karen abokina da sabuwar wayata duk hukunci ɗaya take musu. Idan zan ɗauke ta in doke shi, to ni ma sai in miƙa bayana. Kuma akwai wani abin da lissafin ke ɓoyewa: da karen ya mutu a daren, kuɗin ba ƙofar gidana za su zo ba. Hutu zai tafi da su, ko ya canza mota.

Har ila yau karen yana da haƙƙinsa. Mun taso muna jin labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi nata ba, da na wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ɗauko dabba ya kulle ta a gidansa ya raba ta da hanyar neman abinci, ciyarwa da magani sun zama bashi a wuyansa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba zan iya cewa abokina ya yi laifi don ya ƙi barin dabbar da ta dogara da shi ta rayu cikin raɗaɗi ba.

Da nan maganar ta tsaya, da na ce fushina hassada ce kawai na yi shiru. Abin da ya hana ni shi ne kasuwa.

A aikinmu, idan ka ba kwamfuta jerin sunaye ka ce ta tsara su, dole ka gaya mata da wane ma'auni: shekaru, ko harafi, ko lokacin zuwa. Ba ruwanta da wanda ya fi cancanta, ma'aunin da ka ba ta shi za ta bi. Kasuwar abinci ta duniya ita ma tana jera masu ci, kuma ma'auninta kuɗi ne. A wannan layin, karen da maigidansa ke karɓar albashi da yuro yana gaban yaron da ubansa ke dako a Kwari. Ba wanda ya zauna ya ƙulla hakan da mugunta. Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya, ya nuna a littafinsa na 1981 cewa yunwar Bengal ta 1943, wadda ta kashe mutum kusan miliyan uku, ba ƙarewar shinkafa ce ta kawo ta ba. Farashi ne ya gudu ya bar ladan leburori da masunta a baya. Mu ma mun ga haka da idonmu a 2005. Ina sakandare lokacin da yunwa ta auka wa Nijar, kuma yankunan Maraɗi da Damagaram, rumbunan ƙasar, su ne inda yara suka fi galabaita. Gero yana nan jibge a kasuwa, wani ma ana loda shi zuwa kudu inda ya fi tsada, uwa tana wucewa ta gabansa da yaro a goye zuwa sansanin likitocin MSF.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai yana gaɓar tekun Afirka ta Yamma. A Nuwadibu ta Muritaniya, da wasu garuruwan Senegal, da Gunjur da Sanyang da Kartong a Gambiya, an kafa masana'antun da ke niƙa ƙananan kifaye su mai da su gari da mai. Kifin da suke niƙawa shi ne na talaka, wanda 'yan Senegal ke kira yaboi, da bonga, wanda mata ke bandawa su shanya a kai shi har Mali da Burkina Faso. Sai an niƙa kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi kafin a samu kilo ɗaya na gari. Wani rahoto da ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa fiye da tan dubu 500 ake kwashewa kowace shekara, abin da zai iya ciyar da mutum miliyan 33. Garin da man suna tafiya Sin da Turkiyya da Turai. A nan ba zancen "da an ba talaka kuɗin" ake yi ba. Kifin da ke kan hanyar tukunyarsa ne aka tare, don wani ya taya da tsada.

Adalci ya sa in faɗi cewa mafi yawan wannan gari ba kwanon kyanwa yake zuwa ba. Kifin gona da aladu da kaji ne ke cinye shi, abincin dabbobin gida kaso ne ƙarami. Kusan kashi ɗaya cikin uku na hatsin duniya dabbobin kiwo ake ba wa, kuma a nan gida ma kaso mai yawa na masararmu gidajen kaji yake tafiya, don irina su ci ƙwai da safe. Amma ƙarami a ma'aunin duniya ba ƙarami ba ne. Gregory Okin na Jami'ar Kaliforniya ya lissafa a 2017 cewa da karnuka da magunan Amurka ƙasa ce mai zaman kanta, da ita ce ta biyar a duniya wajen cin nama.

Masu sana'ar suna da amsa: ai ragowar mayanka ce muke amfani da ita, abin da mutane ba sa ci. Wannan amsa tana ba ni dariya. Waɗanne mutane? Kayan ciki, da kai, da ƙafa, da ganda, su ne farfesunmu. Busasshen kan kifin da Norwe ke fitarwa, Najeriya ce babbar kasuwarsa. Yawancin kajin da ake ci a Ghana daskararru ne daga Turai da Brazil da Amurka, kuma sassan da can ba a damu da su ba ne suka fi zuwa. Abin da Bature ya kira ragowa yana da masu so biyu, masana'antar abincin kare da uwar gida a Kumasi, kuma an san wanda ya fi ƙarfin tayi. Yanzu ma yayin da ake yi shi ne a sayar wa kare nama zalla irin wanda maigidansa ke ci, wato ko wannan uzurin na ragowa an fara ajiye shi.

Saboda haka na raba abin gida biyu a raina. Kuɗin tiyata, da allura, da abincin da zai riƙe dabba cikin lafiya, ban ga abin zargi a cikinsu ba fiye da duk wani kashe kuɗi na mai wadata. Tambayar da ke kansu ita ce wadda ke kan kowa, me ka fitar wa mabuƙaci daga abin da ya rage. Amma abincin da aka ƙwato daga bakin mutum a ba dabba, wannan zalunci ne ko da mai sayen bai sani ba, kuma da zarar ya sani ya shiga ciki. Mafi girman alhakin kuwa ba a Jamus yake ba. Masana'antun Nuwadibu da Gunjur da lasisi suke aiki, kuma hukumomin ƙasashen ne suka sa hannu, mutanen da su ma suka girma da wannan kifin a kwanonsu.

Bayan mako biyu na kawo wa abokin nawa zancen kifin, a hankali, don ba na son ya ji kamar ina masa gori. Ya tashi ya ɗauko buhun abincin karen ya karanta mini bayansa. Akwai garin kifi da man kifi, ba a rubuta ƙasar da suka fito ba. Ya ce zai rubuta wa kamfanin ya tambaya. Sai ya ce, ai ya taɓa ganin kyanwa tana wucewa ta bayana a bidiyo, ita me take ci?

Na ce masa ragowar abinci. Ban ƙara da cewa duk ranar da aka soya kifi a gidan, nakan ɓantaro mata tsoka tun kafin a zuba wa kowa ba, kuma a wannan daren abin da ke shiga robar yaran nan biyu na ƙofar gida shinkafa ce da miya, ba kifi. Ban taɓa yanke shawarar hakan ba. Kyanwar tana ciki tana shafa ƙafata tana kuka, su kuma suna waje bayan ƙyaure, sallamarsu kawai nake ji.

Yanzu in an soya kifi, na yaran ake fara cirewa, kai da ƙaya su ne nata. Ta yi kwana uku tana bina da kuka kafin ta haƙura. Karen abokina ya warke, jiya ma na gan shi ya ɗora haɓa a kan tebur ana tsakiyar taro. Kamfanin abincin bai ba da amsa ba tukuna.