SHIN DAJI YANA GYARA HALIN MUTUM?

Can arewacin jihar Minesota ta ƙasar Amurka, dab da kan iyakar Kanada, akwai wani makeken daji wanda mutanen wurin suke kira Boundary Waters, watau Ruwayen Kan Iyaka. Faɗinsa ya ɗara eka miliyan ɗaya, tafkunan da ke cikinsa kuwa sun haura 1,000. Tun cikin 1964 hukumar ƙasar ta sa shi cikin jerin dazuzzukan da doka ta keɓe, a 1978 kuma aka ƙara ɗaure dokar, aka hana saran itace da haƙar ma'adinai, aka kuma hana jirgin ruwa mai inji shiga galibin tafkunan. Saboda haka wanda duk ya so ratsa shi, ba shi da abin hawa sai kwalekwale da filafili. In tafki ya ƙare, sai ya kifa kwalekwalen bisa kafaɗunsa, ya bi 'yar turba cikin duwatsu da taɓo har ya kai tafki na gaba. Ba a shiga sai da takardar izni, kuma ayari guda ba ya wuce mutum 9 da kwalekwale 4.

To, cikin ire-iren wannan daji na Amurka da Kanada ne wata al'ada ta samu gindin zama, wadda ita ce nake so mu ɗan tattauna a kanta. Maza zalla, da yawansu magidanta, sukan biya kuɗi su bi wani jagora su yi 'yan kwanaki ko mako guda a can. Da asuba su zauna a bakin ruwa su yi tsit, kowa ya maida hankalinsa kan shigar numfashinsa da fitarsa, irin yadda mabiya Buddha suke yi. Da rana a yi ta tuƙi, wani sa'in ba mai ce wa wani uffan. Da dare a hura wuta a kewaye ta, kowa ya fayyace abin da ke cin ransa, ko mutuwar aure ce, ko tsoron tsufa, ko wata tsohuwar jiƙaƙƙa tsakaninsa da mahaifinsa. Masu shirya tafiyar suna cewa mutum zai komo ya san kansa, ya bunƙasa, ya zama sabon mutum.

Na sani abin zai ba wani dariya. Basarken Yawuri da ya tashi cikin jirgi, in aka ce masa ga waɗansu can suna biyan kuɗi don a bar su su yi tuƙi su kwana a ƙasa sauro na cizonsu, cewa zai yi abin duniya ne ya yi musu yawa. Amma kafin mu gama dariyar, ya kamata mu dubi abin da ya kore su zuwa dajin. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2021 ya nuna kashi 15 cikin ɗari na mazan ƙasar sun ce ba su da amini ko guda ɗaya, alhali a 1990 kashi 3 ne kawai suka faɗi haka. Cikin kowane mutum biyar da suka kashe kansu a ƙasar, wajen huɗu maza ne. A 2023 har babban likitan gwamnatin ƙasar, Vivek Murthy, ya fid da sanarwa yana kiran kaɗaici annoba. Ashe ke nan ba shagali ne kaɗai ya kai su ba, akwai ciwo. Tambayata ita ce, shin maganin da suke sha ya dace da ciwon? In kuwa ya yi musu aiki, wane ɓangare nasa ne ya yi aikin?

Ita wannan al'ada gamin-gambiza ce, daga wurare uku aka haɗo ta. Akwai tsohon tunanin nan cewa wahalar daji tana gina saurayi, wanda a kansa Kurt Hahn ya kafa makarantar Outward Bound a Birtaniya a 1941. Akwai kuma motsin da littafin mawaƙi Robert Bly, Iron John, ya tayar a 1990, inda maza suka shiga taruwa a dazuzzuka suna neman abin da suka ce sun rasa tun da masana'antu suka raba uba da ɗansa. Shi Bly ɗin mutumin Minesota ne. Na uku shi ne zaman lura da numfashi, wanda waɗansu matasan Amurka, su Joseph Goldstein da Sharon Salzberg da Jack Kornfield, suka koyo a ƙasashen Asiya, suka zo suka kafa masa cibiya a jihar Masacuset a 1975. Bayan shekara huɗu, a 1979, Jon Kabat-Zinn ya shigar da shi asibiti a matsayin hanyar rage damuwa, ya tuɓe masa rigar addini.

A nan ne fa nake ganin akwai ƙura. Ba ina neman in yi wa addinin Buddha hukunci ba ne, wannan wani fage ne daban. Abin da nake dubawa shi ne ko waɗanda suka ari hanyarsa sun yi masa adalci. Shi dai Siddhartha Gautama, wanda ya rayu a arewacin Indiya kimanin shekara 2,500 da suka wuce, abin da ya koyar shi ne rayuwa tana tattare da wahala, kuma tushen wahalar ƙishirwa ce. Da wannan kalma ta ƙishirwa ya kira ta a harshensu. Ya kasa ta gida uku: ƙishirwar jin daɗi, da ƙishirwar zama wani abu, da ƙishirwar gushewa. Bugu da ƙari ya ce abin nan da mutum yake kira "ni" ba wani tsayayyen abu ba ne, tarin abubuwa ne masu sauyawa kamar ruwan kogi, kuma riƙe shi da ƙarfi shi ke jawo baƙin ciki. To, ɗan'uwa mai karatu, dubi mutumin da ya bar gida da niyyar ya bunƙasa kansa, ya zama sabon mutum. Wace ƙishirwa ce ta fi wannan kama da ta biyun nan, ta son zama wani abu? Watau an ɗauki maganin da mai shi ya haɗa don kashe ƙishirwa, an sa shi cikin gorar da aka rubuta wa sunan ƙishirwar. Mutum zai iya zama sa'a guda yana ƙirga numfashinsa, alhali can cikin zuciyarsa yana lissafin yadda zai komo ofis ya fi abokan aikinsa natsuwa da kwarjini.

Har ila yau, a tsarin Buddha zaman natsuwa ba shi ne farko ba. Hanyar tasa ƙafa uku gare ta kamar murhu: kyawun hali, da natsuwa, da hikima. Kafin a ce wa mabiyi ya rufe ido, sai ya ɗauki alkawari biyar: ba zai kashe rai ba, ba zai ɗauki abin da ba a ba shi ba, ba zai yi lalata ba, ba zai yi ƙarya ba, ba zai sha abin da ke gusar da hankali ba. In aka cire wannan dutse, me ya rage? Natsuwa ita kaɗai ba ta da alƙibla. Maharbi ma yana da ita sa'ad da ya ɗana kibiya, haka ɓarawon da ke sauraren minsharin mai gida. Wani malamin jami'a Ba'amurke, Ronald Purser, wanda shi kansa mabiyin Buddha ne, ya rubuta littafi a 2019 yana kukan cewa an maida abin hajar kasuwa, kamfanoni suna koya wa ma'aikata yadda za su jure matsi maimakon a rage musu matsin. Kayan aro dai, an ce, ba ya rufe katara.

Wani zai ce, to ai shi Buddha ɗin ma barin gida ya yi. Gaskiya ne. Labarin da mabiyansa suka adana ya ce yana da shekara 29 ya fita cikin dare ya bar matarsa da jaririn ɗansa, ya yi shekara shida yana gana wa jikinsa azaba a daji. Amma a ƙarasa labarin mana. Shi da kansa ya ce azabar ba ta kai shi ko'ina ba, ya bar ta. Kuma bayan ya samu abin da yake nema, sai ya komo cikin mutane ya yi shekara 45 yana yawo gari gari yana koyarwa. Almajiransa masu zaman zuhudu, dokarsu ita ce su ci daga abin da mutanen gari suka ba su, don haka kowace safiya sai sun ɗauki ƙoƙo sun shiga ƙauye. Karatun kuwa kyauta ake ba da shi. Mu ma nan ba baƙin keɓewa ba ne, mun san halwar da mutanen ɗariƙa suke shiga, mun kuma san ba a shigarta da ka, sai da iznin shaihi wanda ya san halin almajirin tun kafin ya shiga, kuma zai ci gaba da ganinsa bayan ya fito. Jagoran da ka haɗu da shi ran Lahadi kuka rabu ran Asabar ba zai iya wannan ba, ko da yana so.

Duk da haka ban yarda a ce tafiyar banza ce ba. A nawa ɗan tunanin, akwai abin da ke yi wa mutanen nan magani, sai dai sun ba shi sunan da ba nasa ba. Kwalekwalen nan mutum biyu ke tuƙa shi. Na gaba shi ke ba da ƙarfi yana duba duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa, na baya shi ke riƙe da akala, kuma na gaba ba ya ganin na baya. In suka saɓa, jirgin ya yi ta kewaya wuri guda, in iska ta taso kuwa ya kife da su cikin ruwa mai sanyin ƙanƙara. Mutumin da ya shekara ashirin bai dogara da kowa ba sai albashinsa, yau ga shi ya ba wani baƙo bayansa, ransa yana hannunsa. In an zo turba, wani ya ɗauki jirgi, wani ya ɗauki jakar abinci, wanda gwiwarsa ta gaza a rage masa kaya ba tare da an yi masa gori ba. Da dare ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, mutum takwas su saurare shi, ba wanda ya katse shi. Wannan ai ba kaɗaici ba ne, zumunci ne tsagwaronsa. Sun tafi neman kansu, suka tarar da junansu. Abin mamaki, littattafan mabiya Buddha ma sun kawo cewa wata rana almajirinsa Ananda ya ce masa yana ganin abota ta gari rabin tafarkin ce, shi kuwa ya gyara masa, ya ce ita ce tafarkin ɗungurungum.

Mu ɗaliban Hausa wannan ba zai zame mana sabon abu ba. A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya gabatar a Amurka, wadda aka buga a 1974, a kan wanda Bahaushe yake kira mutumin kirki, ya lissafa halaye goma, cikinsu har da gaskiya da amana da karamci da kunya da ladabi da mutunci da adalci. A duba su ɗaya bayan ɗaya, a ga wanne ne mutum zai iya nunawa shi kaɗai a tsakiyar tafki. Amanar wa zai riƙe? Wa zai yi wa karamci? Ko haƙuri, wanda ake ganin daji na koyar da shi, iri biyu ne. Haƙuri da sauro da ruwan sama abu ne mai sauƙi, domin sauro ba ya tuna maka laifin da ka yi bara, kuma ka san ranar da za ka rabu da shi. Haƙuri da matar da ta san duk inda ka gaza, da ɗan da ya ƙi jin magana, da maƙwabcin da ya toshe maka magudanar ruwa, shi ne wanda aka ce zo mu zauna zo mu saɓa. Kada kuma a manta, a makon nan da maigida yake bakin ruwa yana sauraren numfashinsa, akwai wadda aka bari da yara da girki da aikinta na ofis. Ita ma ta biya kuɗin tafiyar, ko da yake ba a rubuta mata rasit ba.

Af, har shi dajin da ake cewa ba kowa cikinsa, yin sa aka yi. Ƙasar mutanen Ojibwe ce, waɗanda suka sallama mafi yawan yankin ga gwamnatin Amurka a yarjejeniyar 1854, kuma har yanzu zanensu yana nan jikin duwatsun bakin tafkunan. Siffar kwalekwalen ma daga irin nasu na ɓawon itace aka gada. Su a wurinsu hanyar zuwa girbin shinkafar ruwa ce da kamun kifi, da mata da yara da tsofaffi duka a ciki.

Akwai wani misali da ake danganta wa Buddha, na mutumin da ya ɗaure itatuwa ya haye kogi a kansu. Da ya kai gaci, sai ya ce abin nan ya yi masa amfani, bari ya ɗora shi a ka ya tafi da shi duk inda za shi. Buddha ya ce wannan bai fahimci amfanin abin ba, na hayewa ne, a bar shi a bakin ruwa. Kullum na tuna da wannan sai in tuna da mutanen nan a kan turba, kowane ayari da mai jirgi a ka, ba ya ganin komai sai cikin jirgin da ƙafafunsa. Su dai tilas ce ta sa su, don akwai tafki a gaba. Amma akwai wanda yakan komo gida da jirgin a ka: ba shi da zance sai na dajin, ba ya jin yana raye sai ya koma, shekara ta zama makonni 51 na jira da mako guda na rayuwa.

Tafkunan nan sukan daskare da hunturu, a yi wajen wata biyar ba a tsoma filafili a ruwa ba. Da zan samu ɗaya daga cikin mutanen nan, ba zan tambaye shi abin da ya ji a bakin ruwa da asuba ba. Zan tambaye shi ne ko cikin watan Janairu ya ɗauki waya ya nemi mutumin da ya zauna bayansa a jirgi, wanda ya ce aurensa na tangal-tangal, ya ji yadda ya kwana.