Kafin Ka Ɗaura Ɗamarar Yaƙi

Karatun yau: Joshuwa 22:9-34

Akwai wanda a dā kuke cin abinci a kwano ɗaya, kuna azumi da addu'ar dare tare, yau kuwa in ka hango shi a ƙofar majami'a sai ka bi ta ɗaya ƙofar? Ka sa shi a ranka yayin da kake karatun nan.

Kabilar Ra'ubainu, da ta Gad, da rabin kabilar Manassa sun sami rabonsu a gabashin Urdun tun Musa yana da rai. Duk da haka suka bar matansu da 'ya'yansu, mayaƙa wajen 40,000 suka haye kogin domin su taya 'yan'uwansu yaƙi. Da aikin ya ƙare, Joshuwa ya sa musu albarka ya sallame su da dukiya mai yawa. A hanyarsu ta komawa, da suka iso bakin Urdun, sai suka gina wani babban bagade.

Labari ya kai wa sauran kabilu. Ka lura, ji suka yi, ba wanda ya tambayi maginan. Shari'a ta tsayar da wuri ɗaya domin miƙa hadaya, saboda haka suka ɗauka 'yan'uwansu sun juya wa Ubangiji baya. Nan da nan jama'a ta taru a Shilo za ta fita yaƙi. Mutanen da suka zub da jini tare jiya, yau suna wasa takubba domin juna.

Abin da ya cece su shi ne, kafin runduna ta tashi, an aiki Finehas ɗan Ele'azara firist tare da shugabanni goma zuwa ƙasar Gileyad. Maganar da suka kai ba mai daɗi ba ce, zargi ne tsagwaronsa. Suka ambaci zunubin Feyor, suka ambaci Akan. Kada ka yi saurin ganin laifin Finehas. Shi ne ya tsaya da māshi a hannu a lokacin Feyor, lokacin da annoba ta kashe mutum 24,000. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsohon ciwo ne ya fassara masa sabon bagade. Kai ma ka bincika kanka: sau nawa ka hukunta abokinka na yau da laifin wanda ya ci amanarka shekaru goma da suka wuce?

Sai maginan suka buɗe baki. Ashe su ma tsoro ne ya sa su aikin. Suna gudun kada wata rana 'ya'yan waɗanda ke yammacin kogi su ce wa nasu 'ya'yan ba su da rabo a wurin Ubangiji, tun da Urdun ya raba su. Ba su gina bagaden domin hadaya ba, sun gina shi ne ya zama shaida cewa su duka jama'a ɗaya ce. Abin da wannan gefe ya gani kamar tawaye, wancan gefe ya gina shi ne domin kada zumunci ya yanke. Finehas ya ji, ransa ya yi fari, ya mayar da labari, maganar yaƙi ta mutu.

Su ma maginan da nasu kuskure. Da sun aika wa Joshuwa da kalma ɗaya kafin su aza dutsen farko, da ba a kai ga haka ba. Kyakkyawar niyyar da ka ɓoye a ciki, abokinka ba ya ganinta. Aikinka kawai yake gani.

Yanzu ka dawo kan naka. Ka aika saƙo a WhatsApp, ka ga an karanta, kwana uku ba amsa. Aka yi maka rasuwa, wadda kike kira aminiya ba ta zo gaisuwa ba. Ka nemi rance aka ce babu, mako na gaba ka ga sabon babur a ƙofar gidansa. Zuciya ta riga ta yanke hukunci: girman kai ne, ya sami sababbin abokai. Wataƙila kuwa yana jinyar mahaifiyarsa ne, ko kunyar bashinka da bai biya ba ta hana shi ɗaga waya, ko babur ɗin na haya ne.

Bari in faɗi wata magana mai nauyi gare mu da muka gaskata da baye-bayen Ruhu. Ba kowane abin da ya taso maka a zuciya ne wahayi ba. Na ga abota ta shekaru ta rushe domin wani ya yi mafarki, ya tashi ya ce an nuna masa wance ce ke bayan wahalarsa, daga nan ya fara yi mata addu'ar wuta. Baiwar rarrabe ruhohi gaskiya ce, amma zato yakan sa rigarta ya shigo. Ruhu Mai Tsarki ba zai hana ka yin abin da Yesu ya umarta a Matiyu 18:15 ba, wato ka je wurin ɗan'uwanka ku yi magana ku biyu kaɗai. Muryar da ke ce maka kada ka je, ka gaya wa kowa a ƙungiyar mawaƙa ban da shi, ka san ba daga Allah take ba.

Mai yiwuwa in ka je ka tarar da gaske an yi maka laifi. To, sai maganar tuba da gafara ta taso, a kan abin da ya faru, ba a kan abin da ka ƙaga ba. Ka kira shi yau. Kada ka fara da zargi, ka ce, "Ɗan'uwa, ga abin da na gani, ga yadda ya taɓa ni. Me ya faru?" Sa'an nan ka yi shiru har ya gama.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mini inda na hukunta ɗan'uwana ban ji ta bakinsa ba. Ka warkar da tsofaffin raunukan da ke rufe mini ido. Ka ba ni ƙarfin hali in je wurin (ambaci sunansa), ka kuma riga ni zuwa can. A cikin sunan Yesu. Amin.