Kyanwar Lami da Wuƙar Likita

Bahaushe yakan kira mutumin da ba ya cutar da kowa kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi. A bakinmu karin magana ce kawai, amma a Amurka an daɗe ana ƙoƙarin samar da irin wannan kyanwa da wuƙar likita. Mai kyanwa kan kai ta asibitin dabbobi a cire mata farata, domin kada ta yage masa kujeru ko ta yaƙushi yaransa. Abin tambaya shi ne: wanda ya ɗauki dabba ya ce yana ƙaunarta, ina iyakar ikonsa a kan jikinta?

Sai mun san aikin kafin mu yanke hukunci. Farcen kyanwa daga cikin ƙashi yake tsirowa, don haka ba ya ciruwa har abada sai an datse ƙashin ƙarshe na kowane yatsa, kamar a guntule wa mutum yatsunsa daga gaɓar da ke ƙasan farce. Ga shi kuma kyanwa a kan yatsunta take tafiya. Da faratan take hawa bishiya, take miƙa, take barin alamarta, take kare kanta.

Masu goyon bayan aikin suna da hujjar da ba ta cancanci raini ba. Sukan ce kyanwar da ta addabi gida da yaƙushi takan ƙare a titi, ko a gidan ajiye dabbobi inda wataƙila a kashe ta. Ashe rasa farata ya fi rasa rai. Sai dai hujjar ta dogara ne a kan cewa tiyatar tana gyara hali, kuma nan ne ta yi rauni. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa kyanwoyin da aka yi wa aikin sun fi sauran yawan cizo, da ciwon baya, da yin bahaya a wajen akwatin yashinsu. Dalilin a fili yake: wadda aka raba da makaminta na farko za ta koma ga haƙora, wadda tono ke sa wa zafi kuwa za ta guji yashi. Waɗannan halaye ma suna sa a kori kyanwa daga gida. Garin neman gira an rasa ido.

Shi ya sa Isra'ila ta haramta aikin a 2011, jihar New York ta bi sahu a 2019, sai Maryland a 2022, in ban da inda lafiyar dabbar ta tilasta.

A ganina, ajiye dabba ɗaukar amana ce. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, yana koyar da cewa wanda ya toshe wa dabba hanyar taimakon kanta ya ɗauki nauyinta kacokan. Ana iya rage tsinin farata da almakashi, a kuma tanadar mata itacen yaƙushi. Wanda ba zai iya wannan ɗan haƙuri ba, kujerarsa ya fi ƙauna, kuma mafi adalci gare shi ya bar kyanwar ga wanda zai karɓe ta da faratanta.