Baƙon Da Ya Sauka Da Bama-bamai

Jirgin yaƙi ya sha wuta a sama, inji ya mutu, mai ya kusa ƙarewa, ga samari goma a ciki. Matuƙi ya hango filin jirgin wata ƙasa da ba ta cikin yaƙin, ya sauka. To jama'a, me ya wajaba a kan masu ƙasar? Su karɓe shi a matsayin baƙo, ko su riƙe shi a matsayin mayaƙi?

Wannan tambaya ta sauka a ƙofar Suwizalan a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1943 zuwa 1945 jiragen Amurka sama da 160 sun sauka ko sun faɗi a ƙasar, da yawansu a filin Dübendorf da ke kusa da Zurik. Yarjejeniyar Hague ta 1907 ta riga ta tsara cewa ƙasar da ta ce ba ruwanta, idan sojojin masu faɗa suka shigo mata, sai ta tsare su. Haka Suwizalan ta yi: ta riƙe jiragen, ta ajiye mutanen a garuruwa irin su Adelboden da Davos.

Wani zai ce wannan rashin tausayi ne, tunda samarin nan Hitila suke yaƙa. Amma mu duba da kyau. Hana su sauka kisa ne. Sakin su kuwa, su koma su sake ɗaukar bama-bamai, shiga yaƙi ne ta bayan gida, kuma talakan ƙasar ne zai biya idan Jamus ta fusata. Tsarewa ce kaɗai ta ceci ran baƙo ba tare da ta sayar da ran mai gida ba. A nan ina ganin Suwizalan tana da hujja.

Inda hujjar ta yi rauni wurare biyu ne. Na farko, waɗanda suka yi yunƙurin gudu an kai da yawansu sansanin horo na Wauwilermoos, inda suka kwana a kan ciyawa mai ƙazanta, cikin sanyi da yunwa, ƙarƙashin shugaban sansani mai ra'ayin Nazi, André Béguin. Doka ta ce a tsare, ba ta ba da izinin wulaƙanci ba. Sojan da ya nemi komawa wurin 'yan uwansa aikinsa ya yi.

Na biyu, a Afrilun 1944 wani jirgin Jamus mai ɗauke da na'urar hango jirage ta sirri ya sauka a Dübendorf. Jamus ta ji tsoron sirrinta ya kai ga abokan gaba. Aka daidaita: Suwizalan ta lalata jirgin, Jamus ta sayar mata da jiragen yaƙi 12. Mai gida ya yi ciniki da kayan baƙo, ya kuma taya ɓangare guda ɓoye makaminsa.

Cewa "ba ruwana" nauyi ne da ƙasa ke ɗora wa kanta. Wanda ya ɗauke shi ya yi alkawarin awo da mudu ɗaya ga kowa, ko da ɗaya daga cikin masu faɗan ya fi ban tsoro. Ya kuma yi alkawarin cewa duk wanda ya sauka a hannunsa amana ne har ranar da za a mayar da shi gida. Ƙasar da ta riƙe jirgi ta bi doka. Sauran hisabinta yana kan abin da mutanen cikin jirgin suka ci, da inda suka kwana.