Gafara Ba Ta Binne Gaskiya

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, in hukuma ta zubar da jinin talaka, shin bin diddigin abin da ya faru ramuwar gayya ce, ko kuwa aikin adalci? Ka riƙe wannan tambaya a zuciyarka, mu duba wani al'amari da ya auku a Amurka.

Ranar Asabar 4 ga Afrilu 2015, jajiberin Ista, wani ɗan sanda mai suna Michael Slager ya tsayar da Walter Scott, baƙar fata mai shekara 50, a garin North Charleston, saboda fitilar birkin motarsa ta lalace. Scott ya fita da gudu. Jim kaɗan sai ga shi kwance matacce. Ɗan sandan ya ce mamacin ya ƙwace masa na'urar da ake sumar da mutum da lantarki, shi ya sa ya ji tsoro ya yi harbi.

Matacce ba ya musu. Amma wani mai wucewa ya ɗauki bidiyo da wayarsa, aka ga Slager ya yi harbi sau 8 alhali Scott ya juya baya yana gudu. Likitan da ya binciki gawar ya tarar harsashi 5 sun same shi. Tun 1985 kuwa Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa gudu kaɗai ba ya halatta kisa, sai in mai gudun zai iya hallaka wani ko ya ji masa mummunan rauni. Shari'ar farko ta watse a 2016 don masu yanke hukunci sun kasa haɗa baki. Daga baya Slager ya amsa laifin tauye haƙƙin Scott, aka ɗaure shi shekara 20 a Disamba 2017.

Ka tuna, a Maimaitawar Shari'a sura 21, in an tsinci gawa a saura ba a san wanda ya yi kisan ba, an umarci dattawa da alƙalai su fita su auna nisan garuruwan da ke kewaye. Ba a yarda su ɗaga kafaɗa su wuce ba. Ashe mai auna inda harsashi ya shiga yana kan tsohuwar hanya. Bincike kuma kariya ce ga ɗan sanda mai gaskiya, gama ma'aunin da ke tona ƙarya shi ne ke wanke wanda aka yi wa ƙage.

To, ina gafara? A gaban kotu mahaifiyar Scott ta faɗa wa Slager cewa ta yafe masa. Lura, ba ta roƙi a ɓoye bidiyon ba. Ta san abin da aka yi wa ɗanta dalla-dalla, sannan ta yafe. Wanda bai san laifi ba, me zai yafe? Rufa-rufa takan hana mai laifi tuba, ta kuma bar makoki ba iyaka.

Saboda haka, ɗan'uwa, ranar da ka zama shaida, kada ka ce ba ruwanka. Faɗi abin da idonka ya gani, kada ka ƙara don fushi, kada ka rage don tsoro. Ka yi addu'a domin gidan mamaci, ka kuma yi domin mai riƙe da bindiga, gama dukansu a gaban Alƙali ɗaya za su tsaya.

Ya Ubangiji, ka ba mu bakin da ba ya ɓoye gaskiya, da zuciyar da ba ta riƙon ƙiyayya. Amin.