In Ɗan Gidanka Ne Fa?

Akwai batun da muke yi da babbar murya in ya shafi Turai da Amurka, amma muna yin gum in ya shigo zauren gidanmu. Batun luwaɗi da maɗigo ke nan. Muna jinsa a rediyo, muna jinsa daga bagade, 'yan siyasa ma ba su bar shi ba. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: in uba ko uwa Kirista a nan Potiskum suka wayi gari suka gane cewa ɗansu ko 'yarsu ce ke da wannan sha'awa, me bangaskiya ta ɗora musu?

Bari mu fara da abin da ikkilisiya ta tsaya a kai. Koyarwarmu, bisa ga Farawa sura 2 da Matiyu sura 19, ita ce aure alkawari ne tsakanin namiji da mace, kuma saduwa ta jiki wurinta cikin aure ne. Wannan rubutu bai zo ya sauya wannan ba. Ikkilisiyoyin Afirka sun biya farashi a kan wannan matsayi. Lokacin da aka naɗa Gene Robinson bishop a Amurka a 2003, alhali yana zaune da namiji ɗan'uwansa, Angilikan ta Nijeriya a ƙarƙashin Akbishop Peter Akinola ta ƙi yarda, har abin ya kai ga taron Urushalima na 2008. A 2024 kuma ikkilisiyar Metodis ta Haɗaka ta ɗage haninta a babban taronta a Amurka, 'yan'uwa a Taraba suka rabu gida biyu, rikicin da ya biyo baya har ya ci rayuka. Ai kuwa abin kuka ne a ce gardama a kan tsarki ta zubar da jinin masu bi.

Amma sanin cewa abu zunubi ne bai gaya mana yadda za mu yi da mutumin ba. A nan ne da yawa muke tuntuɓe, domin mun bar doka da siyasa su amsa mana tambayar da ta kamata Bishara ta amsa.

Dokar ƙasa a sarari take. Dokar Final Kot ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta riga ta tanadi ɗauri. Jihohi 12 da suka ɗauki shari'ar Musulunci daga 1999 zuwa 2001, har da tamu Yobe, sun tanadi hukunci mai tsanani ga Musulmi. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi ɗaya: ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka yi auren, shekara 10 ga masu taimakawa ko kafa ƙungiya. Sai dai babu ɗaya cikin dokokin nan da ta ba taron jama'a ikon yanke hukunci. Duk da haka, a watan da aka sa hannun, jama'a sun yi ta jifan wata kotu a Bauchi suna neman a miƙa musu waɗanda ake tuhuma. A Fabrairun shekarar aka farauto samari daga ɗakunansu cikin dare a unguwar Gishiri ta Abuja, aka yi musu dūka. A Oktoban 2023 aka kama mutum 76 a Gombe a wurin wata walima, aka nuna su ga duniya tun alƙali bai saurare su ba.

'Yan siyasa sun san cewa wannan batu wuta ce mai saurin kamawa. A 2024 labari ya bazu cewa Nijeriya ta amince da auren jinsi cikin Yarjejeniyar Samowa don a ba ta kuɗi. Hankali ya tashi a masallatai da majami'u, daga baya ta bayyana cewa babu wannan sharaɗi a takardar. Wanda ya iya tunzura mu da kalma ɗaya ya iya mantar da mu batun asibiti da makaranta da tsadar hatsi.

Mu mutanen Potiskum ya kamata mu fi kowa tsoron hukuncin da ba a yi bincike ba. Mun san abin da ake nufi da a nuna gidanka da yatsa. Mun binne 'yan'uwa bayan harin kasuwar shanu a Mayun 2012. A daren jajibirin Kirsimeti na shekarar aka kashe masu sujada a wani ƙauye kusa da mu. Ran 10 ga Nuwamba 2014 bom ya tashi a tsakiyar ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya, yara fiye da 40 suka mutu. Masu kai irin waɗannan hare-hare biyu na ƙarshe sun gaskata cewa suna tsarkake ƙasa ne saboda Allah. Wanda aka taɓa farauta saboda sunansa, yaya zai ɗauki sanda ya shiga sahun mafarauta? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Taron da ya koyi kisa a kan zargi yau, gobe zarginsa zai sauya, amma hannunsa ya riga ya saba.

Ubangijinmu ya taɓa tsayawa a gaban irin wannan taro. A Yohanna sura 8 an kawo masa mace da aka kama cikin zina, shari'a tana hannun masu ƙararta, duwatsu kuma a shirye. Bai ce ba ta yi zunubi ba, ya kuma umarce ta ta daina. Amma sai da ya raba ta da duwatsun tukuna, ya mai da kowane mai ƙara ga lamirinsa. Manzo Bulus ma haka. Bayan ya ambaci wannan hali a Romawa sura 1, nan take a sura 2 ya juya kan mai yanke wa wani hukunci. A 1 Korantiyawa sura 6 kuwa ya jera shi tare da haɗama, da buguwa, da zage-zage, da ƙwace. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Dattijo nawa ne aka kora daga gida saboda ya cinye kuɗin baiko?

To, me iyaye za su yi? Na fari, kada su kori yaron. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da aka kora daga Potiskum ba tuba yake tafiya yi ba. Tashar mota yake nufa, ya faɗa Kano ko Abuja ba kowa, inda yunwa da masu cin zarafi ke jiransa, wani kuwa baƙin ciki ya kai shi ga hallaka kansa. Uban da Yesu ya ba da misalinsa a Luka sura 15 bai rufe ƙofa ba, shi ya sa ɗan ya san inda zai koma.

Na biyu, su saurara kafin su yi magana. Ba kowane yaro mai laushin murya ko mai son aikin girki ne ke cikin wannan hali ba. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin 'yan daudu masu sayar da abinci a tasha, ba a kuma ce dukansu hali ɗaya ba. Wani yaron kuma babba ne ya ci zarafinsa tun yana ƙarami. Wannan ba mai laifi ba ne, wanda aka zalunta ne, mai zaluncin ne ya cancanci hukuma.

Na uku, kada su mai da aure magani. A ɗaura wa saurayi aure da gaggawa don a rufe bakin unguwa, wannan cutar 'yar mutane ce, wadda za ta shiga alkawari a gaban Allah ba ta san gaskiya ba. Dūka, da ɗaurin mari, da yawon gidajen masu cewa za su fitar da aljani da kuɗi, su ma ba hanyar Almasihu ba ce.

Na huɗu ya shafi fastoci da dattawa da shugabannin zumuntar mata. Asirin da aka kawo muku cikin hawaye amana ce. A garin da zargi kaɗai zai iya jawo jifa, mai fallasa yana wasa da ran mutum ne. Horon ikkilisiya don maidowa aka kafa shi, ba don tozartawa ba.

Wani zai ce, ashe wannan ba sassauci ba ne? A'a. Taron bishop-bishop na Lambeth a 1998, wanda 'yan Afirka suka yi tsayin daka a cikinsa, ya ce wannan aiki bai dace da Nassi ba, a cikin ƙuduri ɗaya kuma ya ce a saurari mutanen, a yi musu hidima, domin Allah yana ƙaunarsu. Riƙe biyun tare shi ne mai wuya. Korar yaro tana da sauƙi, yin kamar ba a gani ba ma yana da sauƙi. Zama da shi a kwano ɗaya, kana faɗa masa gaskiyar da ka gaskata, kana addu'a dominsa shekara da shekaru ba tare da tabbacin yadda abin zai ƙare ba, wannan shi ne gicciyen iyaye.

Ya kai mai karatu, ran da aka kawo maka labarin ɗan wani, ka tuna da naka kafin ka buɗe baki. Ubangiji ya ba iyalanmu gaskiya da alheri tare. Amin.